Wanda Ya Sa Hannu

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na safiyar Litinin wayar ofishin Sufeto ta yi ƙara, ko shayinsa bai kurɓa ba. Muryar mace ce, tana rawa. Wani abu ya fashe a ɗakin gwajin jini na asibitin kuɗin da ke bayan tashar mota, kuma mai asibitin yana kwance ba ya motsi.

Sufeto ya ture kofin, ya suri hularsa, ya ƙwala wa Saje kira. A bakin ƙofa ya ɗan yi turus. Ya san asibitin nan. Aiki ya taɓa kai shi tun yana kofur, amma bai tsaya tuna ko wane aiki ba ne.

Sun tarar da ma'aikata cirko-cirko a farfajiya. Abin da Sufeto ya fara lura da shi shi ne, babu mai kuka. Mutum ya shekara ashirin yana ba da umarni a gida, ya mutu da safe, amma ko mai share hanci babu.

Ɗakin gwajin ɗan ƙarami ne. Dogon teburi ɗaya, na'urar ƙirga ƙwayoyin jini, firiji, da wuraren wanke hannu uku a jere jikin bango, kowanne da kabad a ƙarƙashinsa. Dakta, mai asibitin, yana rigingine a gaban na ukun, kafaɗunsa a cikin kabad ɗin. Wani ɓallin ƙarfe ya shige masa gefen wuya. Ƙatuwar sifana na yashe kusa da hannunsa na dama.

"Gas ne, yallaɓai," in ji Saje. Shi Saje kullum yana da amsa kafin a yi tambaya.

"Ka ji warin gas?"

"A'a."

"Ka ga baƙin hayaƙi a bango? Ko gashin girarsa ya babbake?"

Saje ya leƙa, ya dawo yana sosa ƙeya. Ba ƙuna, ba toka, ba waya, ba batir. Kwalaben da ke kan teburi ma yawancinsu suna tsaye. Bututun da ke ƙarƙashin wurin wankin ne kaɗai ya yi kaca-kaca.

Sufeto ya buɗe sauran kabad biyun. Bututansu farare ne, na roba. Ya dawo kan na ukun, ya tsuguna. Shi ma fari ne, amma inda ya tsage ja yake yi. Ya kankare wani ɓalli da ke ƙasa da farcensa, fenti ya fita.

"Jan ƙarfe ne," ya ce. "An shafe shi da farin fenti don ya saje da 'yan'uwansa."

A mahaɗar da ta rage jikin bango akwai farin tef ɗin nan da masu gyaran famfo ke naɗawa don hana yoyo. Naɗin ya yi kyau, aikin gwani ne. Sai dai ƙarshensa ba da wuƙa aka yanke ba, ba kuma da hannu aka tsinka ba. Sawun haƙora ne a jiki.

Wadda ta buga wayar ita ce mai sharar asibitin, dattijuwa mai yawan magana da kowa ke kira Iya. A ofishin karɓar baƙi aka zaunar da ita.

"Iya, me ya kai mai asibiti ƙarƙashin famfo? Ba shi da mai gyara ne?"

"Hm! Ɗana, ai ba ka san Injiniya ba."

"Wane ne Injiniya?"

"Shi marigayin mana, a bayan idonsa muke faɗa. Komai ya lalace a gidan nan sai ya ɗauko sifanar nan ya ƙwala masa. Janareta, fanka, firiji. Cewa yake komai sai ya ji duka yake aiki. Allah ya jiƙansa dai, amma har mu da baki yake dukanmu."

"Yau fa?"

"Yau ruwa ya ƙi wucewa a na ukun. Ya ce a kira masa Baba mai gadi, don shi ya iya famfo. Aka ce an aike shi. Ya yi ta bambami, ya ce shi zai yi da kansa. Ina can waje na ji ƙwal, ƙwal, sai na ji dum."

"Baba mai gadi ya dawo?"

"Ya dawo a guje, abin tausayi. Tun daga bakin get yake ihu, 'Ina uwata? Ina uwata?' Tsoho da furfura yana kiran uwarsa. Na ce Baba, uwarka ai ta daɗe a ƙasa, zauna ka sha ruwa."

Saje ya ƙyalƙyale da dariya, Sufeto ya harare shi ya haɗiye sauran.

Wajen sha ɗaya masaniyar sinadarai ta hukumar ta iso. Gajeriyar mace ce mai kaurin tabarau, 'yan sanda suna kiranta Anti Kwalba, ba ta kuma taɓa nuna ta damu ba. Ta duba ɓallin bututun da madubin ƙara girma, ta ga wani ɓawo mai duhu manne a cikinsa. Nan take fuskarta ta canza.

"Kowa ya fita. Saje, ajiye ƙarfen da ke hannunka a hankali, kamar kana ajiye jariri. A kira masu kwance bam su zo su cire ragowar."

A baranda ta nuna wa Sufeto wata 'yar kwalba da ta ɗauko daga ɗakin, cikin jakar leda.

"Karanta."

"Sodiyam azayid," ya karanta da ƙyar. "Mene ne shi?"

"Farin gari ne kamar gishiri. Ɗan kaɗan ake sawa a ruwan gwaji don kada ƙwayoyin cuta su ɓata shi. Guba ne, amma a cikin kwalbarsa ba ya neman kowa da faɗa. Irinsa aka daɗe ana sawa a balan-balan ɗin nan ta sitiyarin mota, mai kumbura in an yi karo."

"To ya aka yi gishiri ya fasa ƙarfe?"

"Iskar da muke shaƙa yawancinta naitirojin ce, kuma ƙwayoyinta bibbiyu suke zama, hankalinsu kwance. A azayid kuwa uku aka jera su a layi ɗaya, zaman dole. Kullum hanyar watsewa suke nema. Muddin suna tare da sodiyam, yana iya riƙe su. Amma in ana zubar da ruwan a bututun jan ƙarfe ko na dalma, sai su saki sodiyam su kama ƙarfen, su yi ɓawo a ciki. Wannan ɓawon ba ya buƙatar wuta. Bugu ɗaya ya ishe shi."

"Shi ya sa ba hayaƙi."

"Iska ce kawai ta fita gaba ɗaya, ta tafi da ƙarfen. Shi ya sa duk ɗakin gwaji mai hankali bututun roba yake sawa, kuma ba a zubar da ruwan a famfo. A jarka ake tarawa, masu kwasa su zo su ɗauka. Yaron da ya shekara ɗaya a makarantar aikin nan ya san haka."

"Jarkar tana nan?"

"Tana nan, cike taf." Anti Kwalba ta cire tabarau ta goge. "Na ɗiba na gwada. Ruwan famfo ne zalla, ko ka sha ba abin da zai same ka. Wani ya daɗe yana cika ta don a ga kamar ana bin ƙa'ida."

Ma'aikaciya ɗaya ce ke aiki a ɗakin gwajin. Shekararta biyu a asibitin, ba ta wuce ashirin da biyar ba, ana kiranta Malama. Ta shigo cikin farar rigar aiki, ta zauna, ta ɗora hannuwanta biyu a kan teburi.

"Malama, ina kike zuba ruwan gwajin da aka gama da shi?"

"A jarka."

"Kullum?"

"Kullum."

"Jarkar ruwan famfo ne a cikinta."

"To ban sani ba. Dakta yana shiga ɗakin bayan na tashi. Ba ya son a cika jarka da wuri saboda kuɗin masu kwasa, yana iya juyewa a famfo."

"Kin san bututun na uku jan ƙarfe ne?"

"Fari nake ganinsa kamar sauran."

"Wa ya ɗaura shi?"

"Ni gwaji nake yi, yallaɓai, ba famfo ba."

"Wa ya aiki Baba mai gadi yau da safe?"

"Ni ce. Auduga ta ƙare, na ce ya karɓo a kantin magani."

"Akwai sanayya tsakaninku?"

"Gaisuwa ce. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka."

Ba ta yi in-ina ba, ba ta sunkuyar da kai ba. Abin da ya dami Sufeto shi ne kallon da take masa. Ya saba da kallon tsoro, ya saba da na raini. Wannan kallon wanda ya san ka ne, yana jiran ka gane shi.

Ɗakin mai gadi yana jikin get: benci, tabarmar salla, 'yar rediyo, da tsohon akwatin kayan aiki a ƙarƙashin benci. Baba ya miƙe da ya ga 'yan sanda. Ya miƙo hannun hagu don gaisawa. Hannun rigarsa na dama an naɗe shi an soke da fil daga gwiwar hannu.

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Sufeto. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a wannan asibitin, bututu ya fashe a hannun wani mai gyaran famfo. Wani kofur aka turo ya rubuta rahoto.

"Baba, kai ka ɗaura bututun na uku?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. An kwana biyu. Na robar ne ya tsage."

"Da haƙori ka yanke tef ɗin."

Tsohon ya yi murmushi. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in ya haɗu da haƙori yana ɗaura famfo."

"Me ya sa ka sa na jan ƙarfe?"

"Shi aka ba ni. Ai ya fi ƙarko ma. Roba kayan yara ce."

"Bayan abin da jan ƙarfe ya yi maka?"

"Ba laifin ƙarfe ba ne, ranka ya daɗe, sakacina ne. An ce na buga inda bai kamata ba. Dakta mutumin kirki ne, bai kai ni ƙara ba. Da na warke ma shi ya ba ni gadin nan."

Ya faɗi haka da zuciya ɗaya.

"Baba, bututun da ka ɗaura shi ya kashe Dakta. Ruwan gwajin da ake zubawa a ciki ba ya shiri da jan ƙarfe. Wanda ya ba ka shi ya san haka. Wa ya ba ka?"

Murmushin ya ɓace. Tsohon ya dubi ginin asibitin, ya dubi ƙasa, ya koma ya zauna a kan benci.

"Ba wanda ya ba ni," ya ce. "Ni na kashe shi. Ya ci hannuna, na rama."

"Yanzu ka gama ce mini mutumin kirki ne."

"Ƙarya nake yi."

"Da me ka kashe shi?"

"Albarushi na ɗura a ciki."

"A bututun da ruwa ke bi kullum?"

"Na... na naɗe shi a leda."

Saje har ya zaro ankwa, murna fal cikinsa, ga aiki ya ƙare kafin azahar. Sai ya tsaya yana juya ta, ya rasa inda zai maƙala ɗaya ɓarin.

"Mayar da ita aljihu," in ji Sufeto. "Ka zauna da shi. Ina zuwa."

Ɗakin ajiyar fayiloli na ofishinsu wuri ne da gara da ɓeraye suka raba gado. Sufeto ya yi sa'a guda yana atishawa kafin ya samo fayil ɗin. Takarda uku ce kacal a ciki.

Ta farko bayanin Dakta ne: mai gyara ya yi ganganci, ya yi aiki kusa da tukunyar gas. Ta biyu rahoton ɗan sanda, wanda ya kwafe maganar Dakta kalma da kalma, ya rufe da cewa sakacin mai gyara ne. A ƙasa ga sa hannun Sufeto da kansa, da 'yar lanƙwasar nan da yake ƙawata sunansa da ita a lokacin. Ko ɗakin bai shiga ba ran nan. A ofishin Dakta ya zauna, ƙarƙashin fanka, aka kawo masa lemo mai sanyi.

Ta ukun ita ce amincewar mai gyaran cewa laifinsa ne. Ba sa hannu, sai dangwalen babban yatsan hagu. A gefe kofur ɗin ya rubuta: "Majinyaci ba ya iya ɗaga hannu. 'Yarsa, mai shekara goma sha huɗu, ta riƙe masa."

Ya tuna ta. Siririyar yarinya a gefen gadon asibiti, ta kama yatsan ubanta ta danna a tawada, ta danna a takarda, idonta a kan kofur ɗin ba ta ko ƙiftawa.

Sha huɗu da sha ɗaya, ashirin da biyar. Kuma akwai iyayen da in sun sa wa 'ya sunan mahaifiyarsu, ba sa iya kiran sunan har abada. Uwata suke cewa.

Kunya ta kama Sufeto, irin wadda ba ta da wurin ɓuya. Ya sa fayil ɗin a hammata ya koma asibitin.

Iya ya fara nema.

"Ina kike ajiye bokitinki da tsintsiya?"

"Da dai a kabad na ukun nake turawa. Malama ce ta hana ni. Ta ce in ta ƙara ganin bokitina a ciki sai mun ɓata. Har kwaɗo ta sa wa kabad ɗin. Yau da safe ne na ga an cire."

"Lokacin da Dakta ya ɗauko sifana, kina ina?"

"Ina ɗakin ina goge ƙasa. Ita ta ja ni waje, wai in zo in ga inda wani yaro ya yi amai a baranda. Muka je, ba amai ba alamarsa. Ina cikin yi mata tsiya ke nan..." Iya ta dafe ƙirji. "Wayyo ni."

Sufeto ya sa aka kawo Malama da Baba ofishin marigayin. Fankar nan tana nan, tana juyawa da ƙara. Ya ajiye fayil ɗin a kan teburi bai buɗe ba.

"Malama, Baba ya amsa laifi. Ya ce shi ya kashe Dakta. Saje zai tafi da shi yanzu."

"Ni ne," in ji tsohon da sauri. "A tafi da ni."

Malama ba ta motsa ba, amma yatsunta sun dunƙule.

"Kisan kai da gangan ne," Sufeto ya ci gaba. "A shekarunsa, ko an sassauta, a can zai ƙare. Ga takardar, Baba. Tunda ba ka iya sa hannu, dangwalawa za ka yi. Malama, ko za ki taimaka ki riƙe masa yatsan? Na san kin iya."

Ta ɗago ido. A karo na farko ta yi murmushi, kuma ba mai daɗin gani ba ne.

"Ashe ka tuna, Kofur."

"Uwata, ki yi shiru," in ji Baba. "Don girman Allah ki yi shiru."

"Na yi shirun shekara goma sha ɗaya, Baba. Ya isa."

Ta juya ga Sufeto.

"Rubuta. Ni na ɗauko bututun a tarkacen bayan gida. Cikin waɗanda aka cire ne mako guda bayan hannun babana ya tafi. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa mutumin da ba ya canza ko ƙwan fitila ya canza bututan ɗaki gaba ɗaya a mako ɗaya? Ba ka tambaya ba. Lemo kake sha."

Saje ya buɗe baki zai tsawatar, Sufeto ya ɗaga masa hannu.

"Ni na wanke shi na shafa masa fenti. Ni na tsaga na robar. Na ce wa Baba Dakta ne ya ce a sa wannan. Ni nake cika jarka da ruwan famfo. Yau ni na toshe shi da auduga, na aiki Baba, na fitar da Iya. Na san Injiniya ba zai iya ganin abu ya tsaya bai doke shi ba. Ban taɓa shi ba, ban kira shi ba. Halinsa na ajiye masa a hanya, ya zo ya taka."

"Kin tabbata ya san haɗarin tun wancan lokacin? Ko zato kike?"

Ta zaro wata takarda daga aljihun farar rigarta, ta tsufa har ta yi ruwan ƙasa, ta shimfiɗa a kan fayil ɗin.

"A shekarata ta farko a makaranta malami ya yi mana darasin azayid. Ina zaune a aji na gane abin da ya ci hannun ubana. Na fita na yi amai. Amma na ce ƙila shi ma Dakta bai sani ba. Don in tabbatar na nemi aiki a nan, bai ko gane ni ba, wa yake kallon 'yar mai gadi? Na hana Baba faɗar cewa ni 'yarsa ce, na ce za a ce alfarma aka yi mini. Wata uku ina nema, na samo wannan a sito. Gargaɗi ne daga masu kawo maganin, da jan rubutu: kada a bari ya bi ta jan ƙarfe, a canza bututai, kada a bari mai gyara ya taɓa su. Dubi kwanan wata. Wata biyu kafin ya kira babana. Dubi ƙasa."

Sufeto ya duba. "An karɓa, an karanta." Ga sa hannun Dakta, babba, mai cin rabin layi.

"Ya sa hannu," ta ce. "Kai ma ka sa hannu. Babana ne kaɗai ba shi da hannun sawa, shi aka ɗora wa laifin. Sannan ya ba shi gadi don ya riƙa ganinsa a ƙarƙashin ido. Kullum da safe ina kallo ta taga, motar Dakta za ta shigo, tsohon nan zai ruga ya buɗe get da hannu ɗaya, ya rusuna, ya ce Allah ya ƙara girma. Shekara biyu ina kallon wannan. Kai da za ka iya?"

"Da kin kawo mana takardar."

"In kawo wa wa? Kai?"

Sufeto ya sauke idonsa kan tsohon fayil ɗin.

Baba ya matso, ya sa yatsa a kan tsohuwar takardar duk da ba ya iya karanta ta.

"Ranka ya daɗe," ya ce a hankali, "wato ba ni na yi sakaci ba?"

"Ba kai ba ne, Baba. Ko wa ya taɓa bututun nan ran nan, abin da zai same shi ke nan. Rahotona ƙarya ne."

Tsohon ya gyaɗa kai. Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa.

"Shekara talatin ina aikin famfo ban taɓa barin yoyo ba. Kullum in na kwanta sai in yi ta neman inda na kuskure." Ya juya ga 'yarsa. "Uwata, da wannan kaɗai kika faɗa mini, wallahi da ya ishe ni."

"Ni bai ishe ni ba, Baba."

"Kuma ki rasa wanda zai ɗaura miki sai ni?"

"Da gangan na yi." Muryarta ta ɗan karye, ta gyara ta. "Hannun da ya bar maka, shi nake so ya ɗaura masa."

Baba ya ɗaga hannun hagunsa ya dube shi, gaba da baya.

"Ɗaya ya rage mini mai tsabta," ya ce. "Shi ma kin sa mini shi a jini."

Wannan ce kaɗai maganar da ta sa ta sunkuyar da kai. Amma ba ta ce ta yi nadama ba, kuma Sufeto bai ga alamar za ta faɗa ba. Da ta ɗago, sai ta miƙa wa Saje hannuwanta.

"Ga su. Ni biyu gare ni, ba za ka sha wahala ba."

Saje ya sa mata ankwa, wannan karon ba murna a fuskarsa. Sufeto ya ɗauki takardar gargaɗin ya sa a cikin tsohon fayil, a kan rahotonsa. Ya san inda fayil ɗin zai je, ya san kuma tambayar da alƙali zai yi wa wanda ya rubuta shi. Bai cire ko takarda ɗaya ba.

Aka fito da ita ta farfajiya. Ma'aikata suka dare. Iya ta toshe baki da gefen mayafinta, yanzu kam ana kuka a asibitin. Da motar 'yan sanda ta juyo, ba wanda ya tuna da get. Baba ne ya taka a hankali, ya zare sakata da hannu ɗaya, ya tura ƙyauren da kafaɗa kamar yadda ya saba. Bai rusuna ba.

A ofis aka buga bayaninta, shafi biyu. Ta karanta, ta sa hannu. Saje ya tura wa Sufeto takardar, ya nuna masa layin mai bincike. Sufeto ya cire murfin biro.

"Kofur," ta kira shi daga bakin ƙofa, 'yar sanda na riƙe da damtsenta.

Ya ɗago.

"Wannan karon ka karanta kafin ka sa hannu."

Aka wuce da ita. Sufeto ya ajiye biron, ya jawo takardar gabansa, ya fara daga layin farko.